Yadda na shawo kan injin huda ma'ajiyar banki a Payday 2

A fashin bankin Harvest & Trustee da ke birnin Washinton, cikin wasan bidiyo na Payday 2 na kamfanin Overkill wanda ya fito a 2013, matsalata ɗaya ce: injin huda ƙofar ma'ajiyar kuɗi. Minti 6 yake ci idan ba a inganta shi ba, ga yawan cijewa. Da ya tsaya sai ya kama ƙara, agogonsa ya daskare, 'yan sanda kuwa sai ƙaruwa suke kamar fari.

Maganin yana reshen Technician, ɗaya daga rukunan ƙwarewar da ɗan wasa ke zaɓa. Na ɗauki ƙwarewar Drill Sawgeant har matakinsa na biyu, lokacin ya ragu da kashi 30 cikin ɗari. Na ƙara da Hardware Expert, gyara ya yi sauri. Amma wanda ya fi burge ni shi ne Kickstarter a mataki na biyu: idan injin ya cije, ka kai masa duka ɗaya da makamin hannu, ko ya tashi ko ya ƙi, rabi da rabi ne. In ya ƙi, sai ka danna ka gyara shi yadda aka saba.

Sai kuma wurin tsayuwa. Na daina fita bakin titi harbe-harbe, na laɓe kusa da ƙofar ma'ajiyar, inda ƙarar cijewa ba za ta wuce ni ba. Fararen hula kuwa na ɗaure su tun farko, don yin garkuwa da su na jinkirta farmakin 'yan sanda. Da ƙofar ta buɗe, jakar kuɗi ɗaya-ɗaya na riƙa jefawa har bakin motar tserewa.