Yadda Ake Amfani da Dabbobin Gwaji Wajen Binciken Cututtukan Ƙwaƙwalwa a Kano

Cututtukan ƙwaƙwalwa da wannan bayani ya shafa kashi biyu ne. Akwai masu samun yaro tun ƙwaƙwalwarsa tana ginuwa, a cikin mahaifa ko a shekarunsa na farko, kamar lalurar otizim da naƙasar da ke biyo bayan doguwar naƙuda ko shawarar jarirai ko gubar dalma. Akwai kuma masu cinye ƙwayoyin jijiya sannu a hankali bayan mutum ya girma, irin su cutar mantuwa ta Alzheimer da cutar makyarkyata ta Parkinson. Tun da ba ya halatta a buɗe kan mai rai don a ga yadda ciwo ke farawa, dole masu bincike suka koma ga ɓera da ƙuda da kifi, kuma an ci riba a wannan hanya. A 1957 ne Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya nuna cewa zomayen da aka sandarar da wani magani suna miƙewa idan an ba su sinadarin L-dopa, kuma har yau wannan sinadari ne babban maganin da likitoci ke rubuta wa masu makyarkyata.

Amma kafin ɗalibi ya sayi keji ko ɗaya, ya kamata ya zauna da wannan magana: ɓera ba ya kamuwa da cutar Alzheimer da kansa, ba ya kuma yin otizim irin na ɗan Adam. Abin da ake yi shi ne a kwaikwayi ɓangare guda na cutar a jikinsa, sannan a yi wa wannan ɓangaren tambaya guda. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, ta ƙaramin ɓera (wanda ake kira mouse da Turanci) kuwa kimanin miliyan 70, kuma cutar da ke ɗaukar shekaru masu yawa tana ginuwa a jikin dattijo ba za ta cika kamanninta a dabbar da ba ta wuce shekara biyu zuwa uku a duniya ba. Duk wanda ya manta da wannan zai tsara gwajinsa ba daidai ba, ya kuma faɗi abin da sakamakonsa bai nuna ba.

Saboda haka matakin farko shi ne rubuta tambayar a jimla ɗaya, kafin a zaɓi dabba. A ganina, mai bincike a Kano ba ya bukatar ya je nesa neman tambaya. Duk wanda ya zaga sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Asibitin Murtala ya san yawan jariran da ke zuwa da shawara mai tsanani ko waɗanda ba su yi kuka da wuri ba bayan haihuwa. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara, da yawa daga waɗanda suka tsira kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Manomanmu na rani suna feshin magungunan ƙwari da na ciyawa, sau da yawa ba tare da abin rufe hanci ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana da gwajin dabba da aka daɗe da kafawa, kuma amsar da za a samu tana da masu jiranta a nan gida.

Idan tambayar ta shafi ginuwar ƙwaƙwalwa, lokaci shi ne kan gaba. Ɓeran Wistar, wanda shi aka fi samu a jami'o'inmu, yana ɗaukar ciki kwana 21 zuwa 23, kuma ƙwaƙwalwar ɗansa mai kwana 7 zuwa 10 ita ce ake kwatantawa da ta jaririn mutum da aka haifa a kan lokaci. Shi ya sa a gwajin Rice da Vannucci na 1981, wanda ke kwaikwayon ƙarancin iska lokacin haihuwa, ake ɗaure jijiyar jini guda ta wuyan ɗan ɓera mai kwana 7, sannan a sa shi cikin iskar da oksijin ɗinta bai wuce kashi 8 cikin ɗari ba. Don nazarin otizim kuwa, sanannen gwaji shi ne a yi wa uwa mai ciki allurar maganin farfaɗiya na balfuro'et a wajen kwana 12 da rabi na cikin, daidai lokacin da tushen ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke haɗuwa. Wannan yana nufin dole a san ranar da aka yi barbara, ta hanyar duba matan kowace safiya, domin kuskuren kwana biyu ya isa ya sauya sakamako. Ita dalma ana zuba ta ne a ruwan shan uwa lokacin ciki da shayarwa, kuma wajibi ne a auna yawanta a jinin 'ya'yan, domin abin da aka zuba a kwalba ba shi ne abin da ya isa jini ba.

A nan akwai kuskuren da ya lalata ayyuka masu yawa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Idan uwa aka bai wa magani, to uwar ce ake ƙirgawa, ba 'ya'yanta ba. 'Ya'ya goma daga ciki ɗaya sun haɗa gado da mahaifa da nono da keji, don haka a lissafi kusan shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma. Ɗalibin da ya yi wa mata biyu allura, ya samu 'ya'ya ashirin, ya rubuta cewa dabbobinsa ashirin ne, ya yaudari kansa da mai duba aikinsa. Abin da ya dace shi ne a tanadi iyaye mata da yawa a kowane rukuni, a ɗauki namiji ɗaya da mace ɗaya daga kowane ciki don kowane gwaji. Wannan yana ƙara kuɗin abinci da yawan keji, amma babu wata hanya ta kauce masa.

Idan tambayar ta shafi mutuwar ƙwayoyin jijiya, cutar Parkinson ce ta fi sauƙin kwaikwayo, domin an san ƙwayoyin da ke mutuwa, wato masu samar da sinadarin dofamin a wani ɗan yanki mai duhu da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa. An gano gubar MPTP, mai kashe waɗannan ƙwayoyi, a 1982, lokacin da wasu matasa a Kalifoniya ta Amurka suka sandare bayan sun yi allurar gurɓatacciyar ƙwaya. Tana aiki sosai a ƙananan ɓeraye jinsin C57BL/6, amma manyan ɓeraye irin Wistar suna jure mata, kuma tana da hatsari ga mai riƙe allurar kansa, don haka ba aikin ɗakin da ba shi da cikakken kayan kariya ba ce. Gubar 6-OHDA ana zuba ta ne kai tsaye a gefe guda na ƙwaƙwalwa, abin da ke bukatar na'urar da ke riƙe kai da auna wurin huda. Ta uku ita ce rotinon, gubar ƙwari da kifi da ake samu a wasu tsirrai, ciki har da dangin majimfa da masunta suka sani, wadda aka nuna a 2000 cewa tana kashe ƙwayoyin dofamin a ɓera. Matsalarta ita ce tana kashe dabbobi da yawa, kuma ba duka waɗanda suka rayu ke nuna ciwon daidai ba.

Batun cutar mantuwa ya fi wuya, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. An saba a jami'o'inmu a bai wa ɓera sikofolamin ko gishirin alminiyam, sannan a rubuta a kan kundin digiri cewa an yi nazarin Alzheimer. Sikofolamin yana toshe saƙon wani sinadari na ɗan lokaci ne, mantuwar kuma tana wucewa idan maganin ya fita daga jiki, ba tare da ƙwayoyin jijiya sun mutu ba. Alminiyam yana cutar da ƙwaƙwalwa, amma abin da ake gani gubar alminiyam ce. Ana iya yin aiki mai kyau da su muddin an kira su da sunansu. Ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado don su tara gurɓataccen furotin irin na masu cutar, kamar Tg2576 na 1996 da 5xFAD na 2006, suna da tsada da wahalar shigowa, kuma ko su suna kwaikwayon nau'in cutar mai bin dangi ne, wanda shi ne mafi ƙaranci a cikin mutane.

Wannan ya sa nake ba da shawarar a dubi ƙudan 'ya'yan itace da idon basira. Kimanin kashi 75 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon da aka sani suna jawo cuta a jikin mutum suna da takwarori a jikinsa, yana kai wa daga ƙwai zuwa balaga cikin kwana 10 a zafin digiri 25, abincinsa garin masara ne da yis da sukari, kuma kwalaben ƙudaje dubu ba su cika shiryayye ɗaya ba. Tun 2000 aka samar da ƙudan da ke ɗauke da furotin ɗin mutum mai alaƙa da Parkinson, kuma ana auna rauninsa da gwaji mai sauƙi: a buga kwalba su zubo ƙasa, a ƙirga nawa suka haura wani layi cikin daƙiƙa 10. Binciken da Mahmoud Bukar Maina da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya nuna ƙarancin amfani da irin waɗannan dabbobi masu sauyayyen gado a binciken ƙwaƙwalwa na Afirka, ga shi kuwa akwai masu horar da mutane a kan aikin ƙuda a Ibadan da Jos da Damaturu.

Kafin a taɓa kowace dabba, sai an samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a a rubuce. Ƙa'idojin da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959 su ne ma'auni: a musanya dabba da wata hanya idan akwai, a rage yawanta zuwa iyakar abin da zai ba da amsa, a kuma sassauta mata wahala. Musulmi ba baƙo ba ne ga wannan, domin hadisin da Muslim ya ruwaito ya wajabta kyautatawa a kan komai, har a wajen yanka. A aikace wannan yana nufin a sa dabba barci da magani mai inganci kafin tiyata, a ba ta maganin raɗaɗi bayanta, a daina amfani da kulorofom, a kuma rubuta tun farko alamar da za ta sa a kawo ƙarshen wahalarta, misali idan ta zubar da kashi 20 cikin ɗari na nauyinta.

Sai ɗakin dabbobi, wanda a Kano shi ne rabin aikin. Ɓeraye suna bukatar zafin digiri 20 zuwa 26, da haske na awa 12 da duhu na awa 12, alhali a bazara zafin garin nan yana haura digiri 40, hunturu kuma yana busar da iska ya cika ta da ƙura. Zafi yana rage musu ci da motsi, yana taɓa haihuwa, kuma mazan ƙudaje suna daina haihuwa idan ya kai wajen digiri 30. Duk gwajin da aka yi wa rukuni ɗaya a Janairu, aka yi wa ɗayan a Afrilu, yanayi aka auna tare da maganin. A tanadi sola ko janareta tun kafin dabbobi su iso, a rataya ma'aunin zafi, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma, a ajiye janaretan nesa saboda ƙara da hayaƙi. Dabbobin da aka kawo daga nesa, kamar daga Vom ta jihar Filato, a bar su su huta aƙalla mako guda.

Wajen raba dabbobi rukuni-rukuni, a yi ƙuri'a da kwamfuta, domin hannu yakan fara kama mafi sanyin jiki, sai su taru a rukuni ɗaya. A lissafa yawan da ake bukata tun farko da manhaja kyauta irin G*Power, a daina ɗaukar shida-shida don kawai haka aka gada. A sa maza da mata. Sannan wani abokin aiki ya sa wa kejin lambobi ya ɓoye ma'anarsu, yadda mai aunawa ba zai san wanda aka bai wa magani ba sai an gama lissafi. Wannan mataki ba ya cin ko sisi, kuma shi ne ya fi kare mai bincike daga son zuciyar da bai san yana da shi ba.

Gwaje-gwajen ɗabi'a ba sa bukatar kaya masu tsada. Kafinta zai iya haɗa akwatin fili da hanya mai rassa uku da akwatin ɗakuna uku na auna cuɗanya, kyamarar waya kuma ta isa ɗaukar bidiyo daga sama. A riƙa yin gwaji a daidai lokaci guda kowace rana, a goge akwati da sifirit tsakanin dabba da dabba saboda ƙamshi, a kuma fara da auna motsi, domin ɓeran da ƙafarsa ta raunana zai makara a tafkin gwajin Morris, inda ake auna tunani ta hanyar iyo, ko da tunaninsa lafiya lau yake. Bayan haka dole a duba ƙwaƙwalwar kanta a ƙarƙashin madubin likita, a rina ƙwayoyin dofamin a ƙirga su, domin jinkirin tafiya kaɗai bai tabbatar da cewa wani abu ya mutu ba. Mai gwada zogale ko habbatus sauda ko wani sassaƙe daga Kasuwar Kurmi ya kai samfur ɗakin ajiyar tsirrai a tantance shi, ya kuma bayyana ko kafin gubar ya bayar ko bayanta, tun da rigakafi daban, magani daban.

Wajen rubuta sakamako, a bi jagorar ARRIVE ta rubuta rahoton gwajin dabbobi, wadda aka sabunta a 2020, a faɗi jinsin dabba da shekarunta da zafin ɗaki da adadin waɗanda suka mutu ko aka cire da dalilin cire su. A kuma auna kalmomi. Maganin minosaikilin ya tsawaita ran ɓeraye masu kwaikwayon cutar ALS mai shanye tsoka, amma a gwajin mutane da aka wallafa a 2007 waɗanda suka sha shi sun fi saurin taɓarɓarewa. Iyalan masu jinya a garin nan suna sauraron rediyo, kuma kalmar waraka daga bakin malamin jami'a tana iya sa a ajiye maganin asibiti. Idan tsiro ya rage mutuwar ƙwayoyin dofamin a ɓerayen da aka bai wa rotinon na wasu makonni, a rubuta haka daidai, tare da adadin maganin da tsawon kwanakin. Idan kuma bai rage komai ba, a wallafa wannan ma da cikakken bayanin yadda aka yi, don ɗalibin da ke shirin maimaita gwajin a Zariya ko Sakkwato ya gani kafin ya yi odar nasa ɓerayen.