Yadda Mawaƙi Zai Bayyana Gaskiyar Bidiyon Waƙarsa Kafin Ya Saka Shi a Intanet

Gyaran waƙa da kwamfuta ba laifi ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce matasan Damagaram su rufe ɗakunan ɗaukar sauti su koma rera waƙa a gaban rakoda. Tun da manhajar Auto-Tune ta fito a shekarar 1997 ake daidaita muryar da ta kauce wa kari, kuma yau mai manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase yana iya haɗa ganga da fiyano da amshi shi kaɗai a cikin ɗaki. Laifin yana farawa ne lokacin da aka ɗora sautin da aka gyara a kan hoton mutum riƙe da makirufo, sannan aka rubuta cewa kai tsaye aka ɗauka, domin mai biki da ya ga bidiyon a Facebook ko TikTok zai biya kuɗin kafin alƙalami yana zaton muryar da ya ji ita ce za ta zo ƙofar gidansa.

Da farko mawaƙi ya tantance wa kansa irin aikin da ya yi. Akwai wasan da aka ɗauka a tashi ɗaya, kiɗa da murya tare, ba a taɓa komai ba. Akwai wanda aka rera da baki a wurin, amma kiɗan yana fitowa daga kwamfuta ko waya. Akwai wanda aka ɗauka a wurin taro, daga baya aka kai shi situdiyo aka gyara murya ko aka sake rera baitin da ya lalace. Na ƙarshe shi ne mamin, inda waƙar gaba ɗaya ta situdiyo ce, mawaƙi yana motsa baki kawai. Na ukun ne ya fi yaudarar mutane, har da shi kansa mai waƙar, saboda yana ganin ai da gaske ya tsaya a gaban jama'a ya rera, ya manta cewa abin da kunne yake ji yanzu ba shi ne abin da aka ji ranar ba.

Bayan haka sai a rubuta bayanin a jimla guda mai sauƙi, misali "An rera kai tsaye, kiɗan na kwamfuta ne," ko "An ɗauki hoton a wurin biki, an gyara murya a situdiyo." Muhimmin abu shi ne a manna rubutun a jikin bidiyon, a daƙiƙun farko, kada a bar shi a ƙarƙashin hoto kaɗai. Waƙa a garinmu ta fi yawo ta WhatsApp da Xender da katin mamori da ake lodawa a kasuwa, kuma da zarar an sauke bidiyo an tura shi ga wani, bayanin da ke ƙasa ya ɓace. Wanda yake son ya kai ga masu sauraron da ba su yi karatun boko ba, ya faɗi maganar da bakinsa kafin kiɗa ya tashi.

Ba kowane taɓawa ba ne yake buƙatar sanarwa. Ƙara ƙarfin sauti, ko yanke surutun farko, ko rage hurawar iskar hunturu a makirufo, duk ba su canja abin da mawaƙi ya iya ba. Ma'aunin shi ne ko an sauya kari, ko an gyara lokacin bugun kiɗa, ko an ƙara wata murya da ba ta wurin. Idan kuwa an yi amfani da na'ura wajen kwaikwayon muryar wani mutum, wannan ya wuce zancen ladabi, don tun shekarar 2024 YouTube yake wajabta wa masu saka bidiyo su bayyana irin wannan aiki.

Wanda yake so a yarda cewa wasansa na kai tsaye ne, ya ɗauke shi da kyamara guda ba tare da yankewa ba, ya kuma bar hannuwan makaɗa su fito fili. Masu kallo a nan sun taso suna jin kiɗan fada da na biki, ba a rufe musu ido da sauƙi. Sun san cewa muryar kalangu tana hawa ne idan makaɗi ya matse igiyoyin a hammatarsa, saboda haka idan sauti yana hawa da sauka alhali damtsen mutum a sake yake, sun gane. Haka mai algaita, kumatunsa a kumbure suke yana jan numfashi ta hanci ba tare da busa ta yanke ba, kuma da wuya a kwaikwayi wannan a kan sautin wani. Shi ma mawaƙi idan ya juya kai ya nisanta daga makirufo, dole murya ta ragu. In ba ta ragu ba, daga wani wuri take fitowa. A bar tarin ɗan amshi da guɗar mata da kukan babur ɗin da ya gifta, domin su ne shaida. A kuma adana asalin bidiyon da ba a taɓa ba, ko da wata rana wani zai yi musu.

Sai haƙƙin waɗanda suka yi aikin. Idan wata yarinya ce ta yi amshi a situdiyo amma wata daban ce ta fito a hoto, a rubuta sunan mai muryar, a kuma ambaci wanda ya haɗa kiɗa. Mawaƙa biyu na Milli Vanilli, wata ƙungiyar waƙa da aka kafa a Jamus, an ƙwace musu Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a shekarar 1990 bayan an gano ba su ne suka rera waƙoƙin da aka sayar da sunansu ba, kuma a lokacin babu wayar da ke ɗaukar bidiyo a aljihun kowa.

Ranar ciniki da mai biki, a faɗa masa tun kafin a tsayar da farashi ko ƴan kiɗa za a zo da su ko kuwa sauti za a kunna daga na'ura, tunda kuɗin biyun ba ɗaya ba ne. A tambaye shi kuma ko akwai janareta a wurin, domin mai mamin idan wuta ta ɗauke a tsakiyar baiti ba shi da abin da zai ci gaba da shi, alhali mai kalangu da ƴan amshinsa suna iya ƙarasa waƙar a hasken fitilar waya.