Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta labarin Bayahuden da ya tsira daga kisan Nazi

A ce ka ɗauki alƙalami za ka rubuta ƙagaggen labari a kan wani tsoho Bayahude da ya rage shi kaɗai a gidansu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da 'yan Nazi masu mulkin Jamus suka yi wa Yahudawa kisan kiyashi. Shekaru sun ja, barci ya ƙi shi, yana neman wanda zai ce masa "na yafe maka". Jigon yana da kyau, amma hanyar cike take da ramuka, kuma mafi zurfinsu yana babin ƙarshe.

Kuskuren shi ne yafiya mai arha. Marubuci ya ji tausayin tauraronsa, sai ya kawo ƙanwarsa da ta mutu a mafarki tana murmushi, ko ya sa wani malamin Yahudawa ya dafa kafaɗarsa ya ce an yafe. Wanda ya san addinin ba zai karɓa ba. Koyarwarsu ta ce ranar Yom Kippur, wato ranarsu ta kaffara, tana kankare laifin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma wanda ke tsakaninsa da ɗan'uwansa yana nan sai ya je ya roƙe shi. Mu da muka tashi da batun haƙƙin Allah da haƙƙin bawa ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa idan wanda aka ɓata wa ya mutu, sai mai laifin ya tara mutum goma a bakin kabarinsa ya furta laifinsa a gabansu. To ina kabarin? Waɗanda aka kashe a sansanin Nazi na Auschwitz ƙone su aka yi, aka watsar da tokar. Tauraronka ba shi da wanda zai roƙa, ba shi da ƙasar da zai tsaya a kai. Wannan shi ne labarin naka, kada ka toshe shi da mafarki.

Gyaran shi ne ka ba shi abin yi da hannunsa. Ya kunna kyandir ɗin tunawa da mamaci alhali bai san ranar da ƙanwarsa ta mutu ba. Hukumar malaman Yahudawa ta Isra'ila ta ware ranar 10 ga watansu na Tebet domin irin waɗannan mamatan. Ya nemi cikon mutum goma don karanta Kaddish, addu'ar da masu makoki ke yi, wadda ko ambaton mutuwa babu a cikinta, yabon Ubangiji ne zalla. Ya cike takardar shaida a Yad Vashem, cibiyar tunawa da aka kafa a 1953, ya zo gurbin ranar haihuwar ƙanwarsa ya tarar ta shige masa.

Sai kuma girman laifin. Wasu gani suke sai tauraron ya ci amanar gari guda kafin ya cancanci nadama. Abin da ke cin irin waɗannan mutane sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Yaro ɗan shekara 15 ya sauko daga taragon dabbobi, wani fursuna ya raɗa masa ya ce shekarunsa 18, aka tura shi layin masu aiki, uwarsa da ƙanwarsa aka tura su ɗaya layin, na waɗanda za a kashe, shi kuwa bai waiwaya ba. Ko gutsuren burodi da ya haɗiye cikin dare mahaifinsa na kwance a gefensa. Shekara arba'in bayan nan yana ɓoye burodi a aljihun kwat, jikokinsa suna masa dariya. In kuma ka zaɓi ka sa shi cikin fursunonin da aka tilasta wa kwashe gawa daga ɗakunan da ake kashe mutane da gas mai guba, ka yi hattara: kada ka ɗora shi a sikeli ɗaya da wanda ya gina ɗakunan. Haka nan kada ka tilasta masa rungumar tsohon sojan Nazi don mai karatu ya samu natsuwa.

Kwamacalar tarihi ita ce ta fi saurin tona asirin marubuci. Lambar da ake zana wa fursuna a dantse a Auschwitz kaɗai aka yi ta, saboda haka wanda bai taɓa shiga can ba kada ka ba shi ita. Sansanin Treblinka ba wurin zama ba ne: an kashe kusan mutum 900,000, waɗanda suka tsira ba su kai ɗari ba. Idan tauraronka ɗan Hangari ne, babbar kwasar da aka yi musu tsakanin Mayu da Yulin 1944 ce, mutum fiye da 430,000. Harshe ma haka: akasarin Yahudawan Foland da Yiddish suke magana a gida, na Salonika a Girka kuwa da Ladino.

Akwai masu rufe littafi ranar da aka buɗe ƙofar sansani, kamar biki. Sojojin Birtaniya sun shiga sansanin Bergen-Belsen ranar 15 ga Afrilu 1945, amma fiye da mutum 10,000 sun mutu bayan nan saboda yunwa da cuta. Waɗanda suka koma garuruwansu, da yawa sun tarar da wasu a gidajensu. A garin Kielce na Foland, ranar 4 ga Yuli 1946, an kashe Yahudawa 42, yaƙi ya riga ya ƙare da fiye da shekara guda. Nadamar ma ba ta cika tasowa sai ciki ya ɗauka, hankali ya dawo.

Kuma kada ka mai da shi mai surutu. Da yawansu sun haɗiye abin tsawon shekaru, sai shari'ar Adolf Eichmann, wani babban jami'in Nazi, a birnin Ƙudus a 1961, inda shaidu fiye da ɗari suka yi magana, ta fara kwance bakin wasu. Idan 'yarsa ta tambaye shi, "Baba, wace ce wannan a hoto?", ba lacca zai yi mata ba. Zai karɓi hoton ya mayar cikin akwati, ya tambaye ta ko ta ci abinci.