Yadda Ake Wanke Rumfar Ɗakin Mota Mai Turowa Waje

'Yan uwa mazauna Amurka masu motar yawon shaƙatawa, irin mai ɗakin da ke turowa ta gefe, sun sha tambayata yadda ake kula da tamfol ɗin da ke rufe saman ɗakin. Ga matakan:

1. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri.
2. Turo ɗakin waje har tamfol ya miƙe.
3. Kafa tsani, wani ya riƙe maka.
4. Share ganye da tsinke da buroshi mai laushi. Leƙa ƙarƙashin tamfol ma, can datti ke maƙalewa.
5. Goge shi da ruwan sabulu mara kaifi.
6. Ɗauraye sosai.
7. Bar shi ya bushe ƙayau.

Hattara, a nan ake yin kuskure. In ka naɗe shi da danshi, bayan 'yan kwanaki za ka tarar da baƙaƙen ɗigo na fumfuna da warin ruma, kuma fitar da su aiki ne ja.

8. Duba ɗinkin bakin tamfol, ko ya fara warwarewa.

Kada ka kwance ƙusoshin bututun da ke naɗe tamfol. Akwai sifirin a ɗaure cikinsa, in ya kuɓuce zai iya karya maka yatsa. Wannan na makanike ne.

9. Mayar da ɗakin a hankali, kana kallon yadda tamfol ke naɗewa.