Yadda ake ɗaura wa babur lagireton baƙin mai da agogon zafi

Babur ɗin da iska ke sanyaya injinsa, ba iska kaɗai ke wannan aiki ba. Baƙin mai ma yana da kaso babba a ciki, domin shi ke bi ta ƙarƙashin fistin, ta kan silinda, ta cikin giya da kuloci, yana kwaso zafi yana saukewa a gindin inji. In tafiya ta yi tsawo, ko kaya sun yi nauyi, ko an ƙara wa injin ƙarfi, man yakan ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsa, ya tsinke, giya ta fara gardama, kan inji ya riƙa ƙara. A nan ne mutane ke rugawa su sayo ɗan lagireton mai. Shawarata ita ce kada ka fara da shi. Fara da agogon zafi.

Ga dalili. Baƙin mai ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 80 zuwa 110 a ma'aunin Salshiyos. In yana yawan haura 120, man gama-gari yakan lalace da wuri, ko da yake na sintetik ya fi juriya. Amma sanyi ma illa ne. Man da ba ya kai 80 ba ya iya korar raɓa da ɗan fetur da ke sulalowa cikinsa, shi ne za ka buɗe murfin mai ka ga wani farin kumfa mai kauri ya manne a jiki. Wanda ya ɗaura lagireto a injin da ba ya buƙata, matsala ya sayo da kuɗinsa.

Agogon zafi

Agogon yana zuwa da sensa, wato ɗan noti mai waya da ke shiga cikin mai. Wuri biyu aka fi sa shi. Ko dai a canza notin juye mai da wani mai rami a tsakiya wanda sensa zai zauna ciki, ko kuma a ɗaura shi a faifan da ake sa wa tsakanin filta da inji, wanda za mu zo kansa. In notin juye ka zaɓa, auna zarensa tukuna, yawanci M12 ne ko M14, sannan ka duba kada sensan ya yi tsawon da zai taɓa wani abu mai juyawa a ciki, kada kuma ya leƙo ƙasa sosai. Dutse ɗaya ya isa ya karya shi, mai ya tsiyaye kana kan gudu.

Cire kan nagatif na batir kafin ka taɓa waya. Wayar wuta ka haɗa ta da layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ka sa mata ƙaramin fis, in ba haka ba agogon zai kwana yana shan batir. Baƙar wayar ta tafi jikin ƙarfen babur, wurin da ka kankare fenti. Wayar sensa kuma ka bi da ita ta jikin firam, nesa da salansa da wayar filogi. Sensa mai waya ɗaya ta jikin zarensa yake kammala layi, saboda haka in ka cika naɗa masa farin tef ɗin hana yoyo, agogon zai yi maka ƙarya ko ya ƙi motsi sam.

Kafin ka ɗaura, gwada shi a tafasasshen ruwa. Ya kamata ya nuna kusan 100. Daga nan ka hau babur ɗin yadda ka saba, da kaya, da rana tsaka, da hawan tudu. In allura ba ta wuce 110, aiki ya ƙare, ka huta. In tana zama sama da 120, duba kabreta ko fetur bai yi kaɗan ba, duba laka ba ta toshe haƙarƙarin silinda ba, wato layukan ƙarfen jikinsa da iska ke bi tana sanyaya shi, domin lagireto ba ya gyara waɗannan. Sai in komai lafiya amma zafi na nan, sannan a je mataki na gaba.

Zaɓen lagireto

Babba ba shi ne mai kyau ba. Famfon man ƙaramin inji ba shi da ƙarfin tura mai ta cikin ƙaton lagireto da dogon tiyo, kuma duk ƙarfin da ya ɓata a hanya, kan silinda ne zai rasa shi. Nemi wanda aka yi domin irin injinka.

Babur mai filta irin ta gwangwani shi ya fi sauƙi, faifan tsakiya kawai za ka saya mai zare daidai da na filtarka, M20x1.5 ko 3/4-16 su suka fi yawa. In da hali ɗauki mai tamostat, wanda ba ya sakin mai zuwa lagireto sai ya kai wajen digiri 80. Ƙananan injuna marasa irin wannan filta kuwa, ana canza musu wani murfi ne a gefen kan silinda ko a gefen inji da wani mai kafofi biyu. Kada ka yarda a huda maka inji da ka, ba tare da an san hanyar da mai ke bi ba.

Ɗaurawa

Ɗumama inji kaɗan, juye mai, cire filta. Wanke cikin sabon lagireton da tiyoyinsa da ɗan mai mai tsabta, domin ba a rasa ɓurɓushin ƙarfe ko roba a ciki. Shafa mai a zoben robar faifan, zaunar da shi, ka fara ɗaure notin tsakiya da hannu. In ya yi tauri tun zagaye na farko, warware ka sake, jikin inji alminiyam ne, zarensa ba ya yafiya. Ƙarfin ɗauri kuma ka bi abin da takardar kayan ta faɗa.

Wurin zaman lagireto shi ne inda aka fi yin ganganci. Gaban firam ne, ƙasa da wuyan babur, inda iska ke dukansa sosai ba tare da ya tare wa kan silinda tasa iskar ba. Riƙe shi a wurin da hannu, wani ya murɗa kan babur dama da hagu har ƙarshe, sannan a kama birkin gaba a danna shokozoba iya nutsewarsa. Babur a tsaye za ka ga fili kamar tafin hannu, amma ranar da tayar gaba ta faɗa rami, madigadi zai daki lagireton. Sa roba tsakaninsa da ƙarfen da zai riƙe shi, girgiza tana tsaga alminiyam. Kafofinsa su kalli sama, ko in a gefe suke, mai ya shiga ta ƙasa ya fita ta sama, don iska kada ta maƙale a ciki.

Tiyo kuwa dole ya zama na mai, mai jure zafi da matsi, ba tiyon fetur ko na ruwa ba. Kada ya lanƙwashe har ya tsuke, kada ya yi ɗamau, a bar masa ɗan sassauci domin inji na motsi. Nesanta shi da salansa. Mai saƙar ƙarfe a jiki yana da kyau, sai dai yana cin duk abin da ya goga, har wayoyi, saboda haka a ɗaure shi a wurare biyu ko uku. Notin da mai ke bi ta cikinsa yana son sabuwar washar jan ƙarfe sama da ƙasa, tsohuwa ba ta sake kamawa. In sensa a faifan zai zauna, sa shi ta ɓangaren da mai ke fitowa daga inji, don ka ga zafi na gaskiya.

Tayarwa ta farko

Zuba mai a lagireton da sabuwar filta gwargwadon yadda za su ɗauka, sannan ka cika inji. Kashe wuta ta makunnin gaggawa ko ka cire kan filogi, ka juya injin sau da yawa don famfo ya cika tiyo. Yanzu tayar, ka bar shi a silo, kada ka murɗa totur. Fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, in ta ƙi, kashe nan take. Injin da ba shi da fitila, sau da yawa akwai ɗan noti a kan silinda da ake sassautawa a ga mai na tsattsafowa.

Bayan minti biyu kashe, jira mai ya kwanta, ka auna. Za ka tarar ya ragu, lagireto da tiyo sun sha nasu, sai ka ƙara. Bi kowace mahaɗa da farin ƙyalle. Yi gajeriyar tafiya, taɓa tiyoyin a hankali, in akwai tamostat za su zauna da ɗan ɗumi har sai allura ta kusa 80 sannan su ɗau zafi. Inji ya huce ka sake bin notuna, ka kuma duba mai kafin tafiyar gobe.

Lagireto sai da iska yake aiki, don haka a cunkoso allura za ta hau duk da shi, kashe inji in tsayuwa ta yi tsawo. Lokacin sanyi kuma, wanda bai sa tamostat ba ya rufe rabin fuskar lagireton da tef har allura ta koma sama da 80.