Dabarar rage cunkoson saƙonni a Gmail

Idan saƙonnin talla sun cika maka akwati, ka daina share su ɗaya bayan ɗaya. Buɗe Gmail a kwamfuta, rubuta unsubscribe a wurin bincike, danna alamar tacewa da ke gefensa, sai ka zaɓi Create filter. Sa alama a Skip the Inbox da Also apply filter to matching conversations, don har tsofaffin su tafi.

Kusan duk wasiƙar talla tana ɗauke da kalmar nan can ƙasa, shi ya sa tarkon ke kama su.

Amma fa kada ka sa alama a Delete it, zaɓin da ke share saƙonnin. Rasit ɗin sayayya ma kan zo da kalmar, sai ya bi ayari. Riƙa leƙa All Mail, inda za ka tarar da saƙonnin da aka kwashe daga akwatin, duk mako.

A manhajar waya ba a yin wannan. Kuma gigabait 15 na ajiya da Google ya ba ka ba zai samu sarari ba, saƙonnin ɓoye su kawai aka yi.