Matar da ta yi ɓari tana zubar da jini: abin yi daga gida zuwa asibiti

A Kano da Jigawa dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka, ta hana zubar da ciki, sai idan ran uwa na cikin haɗari. Amma ba ta hana kula da matar da cikinta ya riga ya taɓu ba, ko ɓari ne, ko wani abu ta sha. Rashin sanin wannan bambanci ke sa dangi su ɓoye mace a ɗaki, ma'aikacin lafiya kuma ya noƙe.

Jinin za a fara lura da shi. Idan tana jiƙa ƙunzugu biyu a awa ɗaya har awa biyu a jere, ko jiri na ɗibarta, ko zazzaɓi ya zo da ruwa mai wari, a nemo mota ko da tsakar dare ne. A kwantar da ita, a ɗora ƙafafunta kan matashi, a lulluɓe ta. Ban da jiƙo, ban da cusa komai a gabanta. Gudajin da suka fito a ƙulle su a leda a tafi da su, tare da 'yan'uwa biyu masu iya ba da jini, don neman jinin ne ke cinye lokaci a babban asibiti.

Ma'aikacin da ya karɓe ta ya fara da awon hawan jini da bugun zuciya, sannan ranar al'adarta ta ƙarshe. Tuhuma ba aikinsa ba ne. Galibi ragowar ciki ce ta maƙale ta hana mahaifa tsukewa. Idan girman mahaifar bai wuce na mako 13 ba kuma matar na cikin hayyacinta, ana ba da misoprostol, maganin da ke sa mahaifa ta tsuke ta fitar da ragowar, maikirogiram 600 a haɗiye sau ɗaya, ko 400 a ƙarƙashin harshe. Idan jini na kwarara, ko akwai wari da zazzaɓi, sai ƙarin ruwa, maganin ƙwayoyin cuta da wankin ciki da sirinjin MVA, na'urar hannu da ke zuƙo ragowar ciki daga mahaifa. Ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga jini kaɗan ga suma, a zargi ciki a wajen mahaifa: wannan sai tiyata, a tura ta nan take.

Ɗalibin likitanci ko na ungozoma kada ya bari ya gama makaranta bai haɗa sirinjin nan da hannunsa ba, don in aka tura shi ƙauye ba mai koya masa da daddare.

Kafin sallama a shaida mata da maigidan cewa wani cikin na iya shiga cikin mako biyu, a yi musu bayanin tazarar haihuwa.